Ragon Suna Ya Yanke Lamba Bakwai

"Hajiya, rago ya tsinke!"

Ihun da na ji ke nan jiya da safe a Gesse, ranar sunan ɗiyar jikana Nasiru. Malamai sun zauna, an raba goro, abin yankawa kuwa ya bi titi.

Nasirun nan ya yi shekaru yana buga ƙwallo ana biyansa, har Kudu an kai shi. Lamba bakwai ne, mai gudu ta gefen fili. Wai in ya ja ƙwallo, sai dai a bi shi da kallo. Yanzu shinkafa yake nomawa a Zauro, kuma da alama shi ke cinye rabinta.

Ya naɗe babbar riga, ya ce kowa ya kauce. Rago ya yi dama, Nasiru ya yi dama. Rago ya dawo hagu, tumbin Nasiru ya ƙi dawowa. Tim! Sai ga angon ƙarni yana birgima, ya riƙe gwiwa, ya ɗaga hannu sama.

Na ce, "Maigidana, wa kake kira?"

"Tsohuwa, ba ki ga ƙeta ba? Da a fili ne, jan kati za a ba shi!"

"Ko taɓa ka bai yi ba. Tashi, surukanka na kallo."

Da ƙwaryar dusa na lallabo ragon har gida, aka raɗa suna lafiya.

Tun jiya Nasiru ke ɗingishi, amma na lura da safe ƙafar dama ce, da maraice ta hagu. Ku masana ƙwallo, haka ciwon yake yawo?