Zabin da Ba a San Mai Su Ba

Ranar wata Asabar da hantsi abokina ya kira ni a waya. Ko gaisuwa bai bari mun gama ba, ya ce in sa babbar riga in same shi a Kakuri. Na tambaye shi ɗaurin aure ne ko rasuwa. Ya ce katun za mu je kallo.

"Kai da furfurarka?"

"Ni da tawa, kai da taka. Ka zo da bakinka, Alhaji, shi nake bukata."

A masaƙa muka san juna tun muna samari, lokacin da jiniyar tashi daga aiki ke cika titin Kakuri da kekuna har mota ta rasa hanya. Ni ɗan Makera ne, ina sashen sayayya. Kamfani ya yi ta aika ni ƙasashen waje sayen rini da kayan gyaran inji, a can na tsinci Faransanci da ɗan abin da ba a rasa ba na yaren Indiya, ga Larabcin da na taso da shi. Shi kuwa Kirista ne daga kudancin jiharmu, yana zaune a Unguwar Boro har yau. Aikinsa a ɗakin zane yake, inda ake ƙirƙiro adon da za a buga a jikin atamfa. Bai taɓa wuce Legas ba, don haka yake kirana Alhajin jirgi. Ni kuma ina kiransa da laƙabin da duk masaƙa ta san shi da shi, Mai Zabi.

Wata atamfa ce ta jawo masa laƙabin. Zabi ne jere cikin zangarkun gero, suna tafiya gefe guda, sai ɗaya a cikinsu ta waiwayo baya. An saye ta ƙwarai. Na gan ta a jikin mata a Yamai da Kwatano, na taɓa ganinta ma a filin jirgin Jidda a jikin wata tsohuwa da ba ta jin Hausa. Amma dokar ɗakin zane ita ce ba a sa suna. Abin da hannunka ya fitar na kamfani ne. A bakin atamfa sunan kamfani kawai ake bugawa da lamba. Idan adonka ya karɓu, manaja ya dafa kafaɗarka, a ba ka turmi ɗaya ka kai wa matarka. Ba wanda ya ga aibin haka a lokacin, har da shi. Kowa ya san na wane ne, to me za a yi da rubutu?

Na same shi a tsaye bakin titi sanye da kwat ɗin da yake zuwa coci da ita. Ya ce 'yarsa ce ta nuna masa hoton sanarwa a waya: wasu matasa masu yin fim ɗin zane mai motsi sun baje aikinsu a wani tsohon sito, kuma a jikin hoton akwai zabinsa.

Siton na ɗaya daga cikin masaƙun da suka mutu ne. An share shi, an shafa farin fenti, an ja fitilu, amma rufin na nan da tsatsarsa. Na san ɗakin. Dilolin auduga ake jibgewa a ciki. Yanzu zane-zane ne a bango, ɗaya bayan ɗaya, kusan iri guda. Mace ta ɗaga hannu kaɗan, a na gaba ya ƙara sama kaɗan, haka har ƙarshen bango kafin hannun ya kai goshinta. Wani saurayi ya yi mana bayani cewa idan aka juya su da sauri ido zai ga motsi. A tsakiyar ɗakin akwai tebur mai gilashi da fitila a ƙarƙashi, an jera fararen ledoji masu nuna abin da ke bayansu, kowace da nata kason hoton, ɗaya bishiya, ɗaya mutum, ɗaya sararin sama.

Abokina ya tsaya a gaban teburin nan ya ƙi gaba.

"Ka gani? Haka muke yi. Kowane launi da ledarsa. Baƙi daban, ja daban, ruwan ƙasa daban. In ɗaya ta goce ko da kaurin gashi, zabuwa ta fito da ido a wuya."

Ni ba wannan ne karona na farko ba. Na taɓa shiga irin wannan baje koli a wani gari a Faransa, ruwan sama ne ma ya kora ni ciki. Abin da na riƙe daga can shi ne sunaye. Kowace takarda da sunan wanda ya zana ta, da na wanda ya shafa launi, har da na wanda bai yi komai ba sai gajimare. A Indiya na ga masu buga ado a yadi da hatimin katako, ba sa rubuta suna su ma, amma gidajensu na nan, jika yana zaune inda kaka ya zauna, ka nuna ado a nuna maka ƙofa. Mu namu gidan kamfani ne, kuma an sa masa kwado.

A ƙuryar siton an kewaye wuri da baƙin labule, an sa benci. Muka zauna cikin yara da iyayensu. Fim ɗin gajere ne, ba magana sai kiɗan gurmi. Wata mata ta wanke zaninta ta shanya a igiya, ta shiga ɗaki. Iska ta kaɗa. Sai zabin da ke jikin zanin suka fara motsa kai, suka sauko ɗaya bayan ɗaya, suka bazu a tsakar gida suna tsattsagar ƙasa. Da suka ji motsin matar suka ruga suka koma wurarensu, sai ta ƙarshe da ta makara, ta shiga tana waiwaye, ta daskare a haka.

Yara suka kwashe da dariya. Na juya na dubi abokina. Bakinsa a buɗe, hannunsa na dama yana rawa a kan gwiwa kamar yadda yake yi tun ciwon da ya kwantar da shi bara waccan.

"Sun yi tafiya," ya ce a hankali. "Alhaji, ka ga sun yi tafiya."

Da fim ya ƙare sunaye suka hau allo, da yawa kuwa. Na yi murna da ganin yaranmu sun koyi wannan. A waje kusa da labulen an rataye atamfar kanta a cikin gilashi, ta koɗe, da ɗan kati a ƙasa da Turanci da Hausa. Ya ce in karanta masa, bai zo da tabarau ba. Na san da su a aljihunsa. Na karanta: adon gargajiya, ba a san mai shi ba.

"Gargajiya," ya ce. "Ashe ni ne gargajiya."

Abin da ya kawo mu ke nan. Yana so a cire katin a sa sunansa. Ba ya neman komai bayan wannan. Kuma ba zai faɗa da bakinsa ba, domin mu a tarbiyyarmu, ta masallaci da ta coci duka, yabon kai jahilci ne. Ko aure za ka nema, ko iyakar gona, wani kake turawa gaba ya yi magana kai kana sunkuye. Ni ne wanin.

Aka kira mana shugabar matasan. Ba za ta wuce sa'ar ƙaramar 'yata ba, ta durƙusa ta gaishe mu, ta sa aka kawo kujeru da ruwa. Na gyara riga na yi bayani tun daga farko, yadda ake gabatar da mutum. Ta saurara ba ta katse ni ba. Ta ce atamfar ta kakarta ce, a akwati ta same ta bayan rasuwarta. Ta ce ta yi yawon neman wanda ya zana, har ofishin da ya rage na kamfanin ta je, mai gadi ya ce takardun ɗakin zane tuni aka sayar wa masu ƙosai da masu tsire.

"Baba, wallahi zan so a ce shi ne," ta ce. "Amma tun da muka buɗe, dattawa biyu sun zo kafin ku. Kowanne ya ce shi ya yi."

Abokina ya ɗago kai karo na farko. Ya tambayi kamanninsu. Da ta kwatanta, ya yi wata dariya marar daɗi.

"Dogon, leda yake wankewa. Gajeren kuwa ya taɓa ta, ba zan yi masa ƙarya ba. Shi ya shafa jan launin."

"To ka gani, Baba. In na sa suna ɗaya, gobe 'ya'yan wancan su zo." Ta juyo gare ni. "Alhaji, kai ka gani da idonka lokacin da yake zanawa? In ka gani, ka faɗa a gaban kyamara, ni kuma in tsaya a kan maganarka."

Ban gani ba. A watannin da aka yi adon ina Indiya ina jiran wani rini da ya ƙi fitowa daga tashar jirgin ruwa. Da na dawo atamfar ta riga ta shiga kasuwa, laƙabin ya riga ya kama shi. Ban taɓa shakka ba, ko a ranar ban yi ba. Amma ba abin da na sani ta tambaya ba, abin da na gani ta tambaya. Na ji idonsa a gefen fuskata.

Na ce, "'Yata, ban gani da idona ba. Amma duk masaƙa Mai Zabi take kiransa."

"Akwai wanda ya rage da ya gani?"

Muka shiga lissafi, ni da shi. Shugaban ɗakin zane ya rasu. Wanda ke zama a teburin kusa da na abokina ya koma ƙauye, an ce ba ya gane mutane. Matar abokina, wadda ta ga zabin tun suna a bayan takardar siminti a gida, ita ma ta rasu, kuma a cikin turmin nan na kyauta aka yi mata suturar ƙarshe.

Sai ya ce a ba shi fensir.

Na so in hana, ban san ta yaya ba. Aka kawo farar takarda aka ɗora a teburin nan mai fitila. Matasan suka taru, wasu suka ɗaga waya. Ya cire kwat, ya sa tabarau, ya riƙe wuyan hannun dama da na hagu. Ya fara daga bayan zabuwa kamar yadda ya saba, layi ɗaya daga wuya zuwa wutsiya. Layin ya tafi yana tsalle kamar keke a kan hanyar Unguwar Boro. Ya sake. Fensir ya huda takarda. Ba wanda ya yi dariya, da ma an yi da ya fi sauƙi. Ɗaya bayan ɗaya suka sauke wayoyinsu. Abin da ke kan takardar zai iya zama zabuwa, zai iya zama tulu.

Ya ajiye fensir ya mayar da kwat ɗinsa.

Yarinyar ta bi mu har ƙofa, idonta ya kawo ruwa. Ta ce za ta canza katin, ta rubuta cewa don tunawa da ma'aikatan masaƙun Kakuri ne.

"Matattu ake tunawa da su, 'yata," ya ce. "Ki bar shi yadda yake. Kun yi aiki mai kyau. Zabuwar ƙarshen nan mai waiwaye, kun gane ta."

A bakin titi muka tsaya jiran keke, rana ta take. Masu gyaran janareta da masu sayar da gwanjo sun cika gaban katangar da a da ba a barin kowa ya jingina da ita. Bai dube ni ba.

"Harshe nawa ne a bakinka, Alhajin jirgi?"

Na juya ina duban titi, ya ci gaba.

"Na Faransa, na Larabawa, na Indiya. A ciki duk babu wanda ake cewa na gani da shi?"

"Shaida ce ta nema. Ka san abin da shaidar zur take a wurinmu. A wurinku ma haka ne."

"Zur ita ce a faɗi abin da ba haka ba. Ni na zana ko ba ni ba?"

"Kai ne."

"To."

Na yi ta juya wannan "to" ɗin tun daga ranar. Na kai maganar gaban wani malami a unguwarmu, ya ce na yi daidai. Na koma gida ban ji sanyi ba. Da za a sake tambayata gobe, abin da na faɗa shi zan sake faɗa, kuma sanin hakan bai rage mini komai ba.

Keke ya zo, ya shiga, na sa ƙafa zan bi shi, ya ce ai hanyarmu ba ɗaya ba ce. Gaskiya ne, shi kudu zai yi ni arewa, amma da can yakan raka ni har Makera mu sha shayi kafin ya juya.

Muna gaisawa har yanzu. Ya zo sunan jikata, na je duba shi da ciwon ya tashi. 'Yarsa ta gaya mini cewa kafin a rufe baje kolin ya yi ta komawa shi kaɗai, ya zauna a bencin baya ya kalli zabin su sauko su koma, ya tashi kafin sunaye su hau allo. Ranar ƙarshe na je da kaina, ban same shi ba. Ana kwance fitilu, atamfar tana nan a gilashinta, katin ma yana nan. Tun daga ranar Asabar ɗin nan ban ƙara kiransa Mai Zabi ba, shi ma bai tambayi dalili ba.