Idon Babayo Mai Usur

Babayo Mai Usur bai yi fice a komai ba sai a gani. Mutumin Gombe ne, dogo siriri, ya shekara goma sha ɗaya yana koyar da wasanni a wata kwalejin horar da malamai, kuma duk sanda kwalejoji za su kara a ƙwallo shi ake kira alƙalin wasa. Da albashi ya daina kai shi ƙarshen wata, sai ya biyo wani ɗan'uwansa Guangzhou a ƙasar Sin. Ba shi da jari, don haka ya ci abinci da abin da Allah ya ba shi. Ɗan kasuwa yana zaune a Kano ko Maraɗi zai yi odar takalma a kasuwar Zhanxi Lu, Babayo ne zai je ya buɗe kwalaye ya duba kafin a loda kwantena. Yakan gane baƙin launi iri biyu da ba su zo ɗaya ba, ya gane ɗinkin da ba zai kai wata guda ba. Masu shaguna ba sa son ganinsa. Yana shiga za su fara cewa "meyo, meyo," wato babu, tun bai tambayi komai ba.

Ni Ma'azu, mai kayan lantarki daga Kano, bene ɗaya muke da shi a titin Huanshi Lu, kuma ni kaɗai na san idon nan ya fara mutuwa. A watan Yuni na 2008 na raka shi asibiti, likita ya ce jijiyar ce, abin da ya tafi ba zai dawo ba. Ya roƙe ni in rufa masa asiri har kayan Sallah su tashi. A shekarar, saboda wasannin Olamfik, biza ta yi wuya, rabin 'yan kasuwarmu ba su samu shigowa ba, kowa ya jingina da idon Babayo. Na ga ya koma shafa takalmi da yatsa yana shinshina gam, mutane na cewa ƙwarewa ce ta ƙaru. Na yi shiru, kuma shirun ya dame ni.

Ranar Lahadi mukan kama hayar filin wata kwaleji mu buga ƙwallo, 'yan Najeriya da 'yan Nijar, Babayo na busa. Na ce masa ya ajiye usur ɗin nan, ya ce ranar da ya ajiye za a tambaye shi dalili. Sai dai ya kafa doka, wai ɓangare ɗaya farar riga, ɗaya baƙa, aka ɗauka tsabar son tsari ne irin na tsohon malamin makaranta.

Lahadin da abin ya faru ita ce washegarin da Najeriya ta sha kashi a wasan ƙarshe na ƙwallon Olamfik a Beijing. Ranmu a ɓace yake, 'yan Nijar kuwa tun daga ƙofar fili suke mana jaje suna dariya. Ni ban buga ba. Na zo da wata ƙaramar kyamarar bidiyo da wani laoban, wato mai shago, ya ba ni in gwada, na tsaya daidai layin raga ina ɗauka.

Muna da ci ɗaya, saura minti biyu, Sabiru ɗan Maraɗi ya narka ƙwallo. Ta daki ƙarfen sama, ta sauka ƙasa, ta dawo fili. Golanmu ya yi ihu cewa ba ta shiga ba. Babayo ya ɗaga hannu ya ce a ci gaba, bayan minti biyu ya busa tashi. Fili ya hargitse, har mai gadin kwalejin ya ɗauko waya zai kira 'yan sanda, a lokacin da kowa ya san taron baƙaƙen fata ba ya son hayaniya. Alhaji Maidaji, babban 'yan Nijar, wanda kwantenoninsa uku ke jiran sa hannun Babayo, ya tsawatar da yaransa. Sannan ya nuna ni ya ce ga mai kyamara nan, a tafi gidan abincin Hajiya Zeinabou a kalla a talabijin.

A tasi na matsa kusa da Babayo na ce zan goge bidiyon. Kayan gwaji ne, in na ce ta lalace ba wanda zai yi mamaki. Ya tambaye ni ko ƙwallon ta shiga, na ce ta shiga da kusan taku guda. Ya daɗe yana juya usur a hannu.

"Kar ka goge," ya ce. "In ka goge, mun zama mu biyu."

Mutum kusan talatin ne a ɗakin da ba ya ɗaukar ashirin. Hajiya ta kashe fanka don a ji, zufa ta fara keto wa kowa. Na haɗa waya. Aka ga ƙwallo ta sauka can cikin raga, har ƙura ta tashi. Maidaji ya ce a maido, na maido. Ya ce a tsayar, na tsayar. Abin da ya fi ƙwallon muni shi ne Babayo da kansa, ga shi nan a hoton, bai fi taku takwas da raga ba, ba kowa a gabansa, fuskarsa na kallon wurin sosai.

Namu ma sun sunkuyar da kai, don ba abin karewa. Maidaji bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga da ya fi sauƙi.

"Malam Babayo, ba ƙwallo ta dame ni ba," ya ce. "Shekara huɗu ina Maraɗi kana nan, abin da ka ce ka gani shi nika yarda da shi. Yau ga ka gaban abu, ka gani, ka ce ba ka gani ba don naka su ci. In ka yi haka don wasa, mi za ka yi in laoban ya ja ka gefe?"

Na san ƙofa biyu ce a gaban Babayo. In ya ce son kai ne ya ɗebe shi, ya ba da haƙuri, za a zage shi mako guda a kira shi macuci, amma da wuya a raba shi da aiki ana tsakiyar lodin Sallah, don ba wani mai dubawa kamarsa. Ɗaya ƙofar kuwa ba ta da hanyar dawowa. Wallahi a raina ta farkon nake roƙa masa, yana da 'ya'ya biyar a Gombe.

Ya miƙe, ya nemi Hajiya ta ɗaga yatsu daga bakin ƙofar kicin. Ta ɗaga uku. Ya ce yana ganin mutum a tsaye, amma bai san ko hannu ɗaya ta ɗaga ko biyu ba.

"Ban gani ba, Alhaji. Muryar gola na bi. Tun watan Yuni da kunne nake busa, da hannu nake duba kaya. Cutar da na yi muku ba a fili take ba, a nan take, da na ɓoye."

Ya ajiye usur a kan tebur kusa da kwanon miya. Wani ya fara salati a hankali. Maidaji ya dube ni, na kasa haɗa ido da shi, ya gane na sani. Daga nan ya ce ya janye maganar laoban a gaban kowa kamar yadda ya faɗe ta a gaban kowa, amma kayansa ba za su tashi da wannan sa hannun ba. Babayo ya ce shi ma abin da zai roƙa ke nan, a sake buɗe duk kwalin da bai bar gari ba.

Kafin Laraba duk masu ba shi aiki sun ji, waya ta daina shigowa. Ranar Alhamis da hantsi muka je sito, Sabiru ne ke dubawa yanzu, shi da aka hana ci. Babayo ya zauna a kan wani kwali yana jin ƙarar yanka salatif. Kwali bayan kwali ba a sami komai ba, har na fara jin haushi, ina cewa a raina mutumin nan ya kashe kansa a banza. Sai Sabiru ya tsaya a kan wani kwalin takalman mata, ya yi shiru.

Babayo ya ji shirun, ya miƙa hannu aka ba shi ƙafa biyu. Ya shafa ɗinkin, ya lanƙwasa dunduniyar, ya shinshina, duk lafiya. Ya ɗaga su saitin taga ya daɗe, sannan ya juyo wajena.

"Ma'azu, launinsu ɗaya ne?"

Ɗaya ruwan ƙasa ce, ɗaya ja. A jikin kwalin ga sa hannunsa, da kyakkyawan rubutun nan nasa na malamin makaranta. Na ce masa a'a.