Takalmin Hagu na Dogo

Kafin rana ta ɗaga, Dogo ya riga ya ɗaure takalmi, ya rataya gorar ruwa, ya soke waya a aljihun gaba. Ma'aikacin gandun daji ne, aikinsa kuwa tafiya. Yakan bi iyakar gandun yana ɗaukar hoton manyan bishiyoyi, ya tura cikin taswirar da ƙungiyoyin kare daji suka haɗu suke kula da ita. Ƙa'idarsu ba sassauci: duk yankin da shekara ta zagayo ba a ga sabon hotonsa ba, sai a sa masa alamar ya lalace. Da wannan alamar masu yankan katako suke zuwa neman izini.

Dogo yana da wata ɗabi'a. Duk hoton da zai ɗauka sai ya miƙa ƙafarsa ta hagu ta fito a gindin bishiyar, don kada wani ya ce daga wani dajin aka kwaso hoton.

Matarsa takan tsokane shi: "Baban yara, takalmin nan fa ya fi ka suna. Da shi na aura."

"Ba ki makara ba," yakan ce. "Shi ko abinci ba ya ci."

Masu zarto ma sun san takalmin. Bara, wa'adi ya matso, saura yankin kwari kaɗai bai tura ba, suka tare shi a bakin rafi. Ba su tsaya doguwar magana ba. Ƙafar hagun suka nufa da ƙotar gatari, suka wurga wayar cikin ciyawa, suka yi gaba.

Wani mai cirar zuma ne ya tsince shi. Ya ce jan ciki ya tarar da shi yana yi, wayar a baki, ya nufi gindin wata tsohuwar bishiya.

"Na ce, bawan Allah, bari in ɗauke ka! Ya ce, tukuna, gyara min ƙafar ta fito."

A asibiti, da ya farfaɗo, wata ma'aikaciyar taswira tana tsaye a kansa, idonta jawur.

"'Yata, hoton ya shiga?"

"Ya shiga, Baba. Duk ƙungiyoyin sun gani. An hana izinin."

Bai tambayi ƙafar ba. Likita ya riga ya yanke ta.

Kai ne ka tsaya wa kwari, Dogo. Kai ne ka biya da abin da ba a mayarwa, ba ka nemi ko a buga sunanka ba. Mun gode, gagarau. Allah Ya saka maka, Ya ba iyalinka juriya.

Yau ya ajiye aiki. Takalmin yana nan a bakin ƙofar ɗakinsa, matarsa ta hana a yar.

Amma shekara ta kusa zagayowa, kuma har yanzu kwari bai samu sabon hoto ba. Masu zarto suna lissafe. Ku masu ƙafa biyu, ku fita ƙungiya, kada a sake barin mutum ɗaya a bakin rafin nan. Wa zai miƙa tasa ƙafar?