Yatsa shida

Garajin da na yi walda a Birnin Konni, shekarun farko bayan samun mulkin kai, yana da wani dogon ƙarfe da muka ɗora bisa ginshiƙai biyu. Bakinsa ya zarce ginshiƙin gaba da kamu biyu, a nan muka rataya kura, wato gargaren ƙarfe mai sarƙa da ƙugiya, don ciro injin mota. Duk injin da aka ɗaga, bakin yakan sunkuya kamar faɗin yatsa ɗaya, in an sauke ya koma. Ni kaɗai na damu da wannan. Har zare na ɗaura masa da noti a ƙasa, ina zana layi da gawayi a jikin ginshiƙin.

Wata ranar Talata wani direba ɗan Badagishiri ya shigo da babbar mota cike da albasa, injin yana ƙara. Motar ba tasa ba ce, kuma dole kayan su tsallaka iyaka kafin su ruɓe. Hancin motar dogo ne, bakin ƙarfen bai kai kan injin ba. Maigidan garaji ya tafi jana'iza Malbaza, sai na zaro ƙarfen gaba har ya zarce kamu huɗu, na sake ɗaure gindinsa. Lissafina shi ne, tsawo ya ninka, sunkuyawa za ta ninka, yatsa biyu ke nan.

Da injin ya bar mazauninsa na duba zarena. Yatsa huɗu. Direban da ke jan sarƙa ya ce, "Kai, mai walda, ƙarhen nan naka ruku'u shikai ko mi?"

"Yana gaishe ka ne, yaya. Ƙara ja."

Nan ne laifina. Na san ya kamata a sauke, amma ina son in ga inda zai tsaya. Da nauyin ya hau gaba ɗaya noti ya kai yatsa shida. Ina durƙushe ina mamakin inda sauran huɗun suka fito, kura ta zame ta gangaren bakin, injin ya faɗi ya tsage.

Da maigida ya dawo na ce ƙugiyar ce ta kwance. Albasa ta kwana biyar a rana, mai mota ya karɓe makullinsa daga hannun direban.

Na yi watanni ina gwadawa da karan dawa da dutse, kullum in na ninka tsawo sunkuyawar ta wuce ninki nesa. Wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ya ce tsawon ana buga shi da kansa ne, ya zana mini a ƙasa, rabi na gane.

Direban ya koma tura amalanke a tasha. Sai bayan shekara uku na iya tare shi na faɗa masa gaskiya. Ya daɗe yana kallona, ya ce, "To, ka gano abin da kaka biɗa?" Na ce ban gama ba. Ya ce Allah shi yahe muna, ya kama amalankensa ya wuce.