Akwatin Kawu a Ƙarƙashin Bene

Wai taubashiyata Mai Waya aljani take kiwo a ƙarƙashin benen ofishinsu, tana ba shi wutar lantarki yana sha. Ƙarya ne, ni ma da bakina aka yaɗa. Na je na gani: kwamfuta ce baƙa a wani ɗan ɗaki mai sanyi kamar mutuware, tana gurnani, jan idonta guda yana ƙiftawa.

Aikin na'urar rabon saƙon imel. In akawu ya rubuta wa direba, sai ta duba adireshi ta jefa a akwatinsa, saƙon ko ƙofa bai leƙa ba. Na waje ta miƙa shi waje. Wanda babu mai shi ta dawo da shi. Tun tana yarinya Mai Waya ke kwance rediyon gidansu, yau ga ta da makullin ɗakin a wuya.

Mahaifinta, wato kawuna, shi ne mai kula da sito a ofishin. Ranar da zai je asibiti ya saka wa akwatinsa amsa mai tafiya da kanta. Bai dawo ba. To duk sanarwar da aka aika wa ma'aikata, na'urar takan raba wa kowa, har shi. Da rana tsaka, ana tsakiyar aiki, sai kowace kwamfuta ta yi ƙara: "Na ɗan fita, yanzu zan dawo."

Akawu ya daina wucewa ta ƙofar sito. Mai shara ta rantse ta ji tari a ciki. Manaja ya ce wa Mai Waya ko ta goge akwatin Kawu, ko ta ajiye makulli.

Na same ta zaune a sanyin nan, hannu a kan madannai, ta kasa dannawa. Daga baya ta cire sunansa daga cikin ma'aikata, ta toshe hanyar kowa zuwa akwatin sai tata. Ofis ya yi tsit. Kullum da safe takan rubuta, "Baba, ina kwana," ta jira ƙarar.

Na ce, "Baiwata, gaishe min da Kawu. Ki tambaye shi ko can ma ana ɗauke wuta."

Ko juyowa ba ta yi ba.

"Shi yana kabari yana amsa ni. Kai da kake raye, yaushe rabon da ka ɗauki wayata?"