Malam Abdulsalami, Ni Na Ba Da Injin Feshin

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, 12 ga Agusta, 2025, Allah ya karɓi ran maƙwabcina Malam Abdulsalami, tsohon akawu a ƙaramar hukuma, a gidansa da ke Karakkai ta ƙasar Bungudu, bayan jinyar mako uku.

Malam, shekara talatin da biyar ka yi kana riƙe da biro, ba ka san nauyin fartanya ba sai da ka yi ritaya. Ka shuka kabewa da kankana a bayan gida, suka yi fure kamar abin arziki, furen ya zube ba ɗa ko ɗaya. Wani malamin gona ya gaya maka cewa ƙudan zuma ne babu, feshin da muke yi ya kore su. Sai ka tafi Gusau ka ɗauko furannin Turawa a cikin leda ka jera a gindin katanga. Mako biyu suka yi, rana ta gama da su. Mun yi dariya har da riƙe ciki, kuma tawa ta fi ta kowa ƙara.

Da damina ta dawo ka sake dabara. Ka ce abin da ƙasar nan ta sani za ka shuka, wanda ba ya roƙon ruwa. Ka ja kunya ɗaya tun daga ƙofar gida har kusurwa, ka dasa lalle da zogale a baya, ɗoɗɗoya da riɗi a gaba, tsakani kuma tafasa. Tafasa fa, wadda muke cirewa mu zubar! A majalisa muka raɗa maka Sarkin Ciyawa. Ni da bakina na ce fansho ya taɓa maka kai. Ka ji, ka ce, «Ku dai bari ta yi hure.»

Ta yi furen. Duk safiya katangarka sai ta ɗauki gunji, ga ƙudan zuma, ga malam-buɗe-littafi. Kabewarka ta haihu, har tawa da ke tsallaken katanga ta samu rabo. Ka aika wa kowane gida, har gidajen masu dariya. Mun ci, mun suɗe hannu, ba wanda ya ce maka ya yi kuskure.

Kwana biyu kafin ka cika na zo gaishe ka. Ka kama hannuna ka ce, «Wagga kunya ba ta son komi, ba ruwa, ba taki. Abu guda hwa, kak ka bari a yi mata feshi.» Na ce na ɗauka, kuma na ɗauka da gaske.

Aka kai ka makwancinka, aka dawo zaman makoki. Ɗanka Bashar, wanda shekara huɗu bai kwana a garin nan ba, ya iso daga Gusau da rumfuna da kujeru, saboda manyan baƙi za su zo. Aka kafa rumfa jikin katangarka. Kafin la'asar zuma ta harbi wani Alhaji a wuya. Bashar ya dubi kunyar ya ce abin kunya ne a ga daji a ƙofar gidan ubansa, a share, a fesa.

Injin feshi ɗaya ne a layinmu, nawa. Ƙanenka Mamman ya zo aro a gaban jama'a. A garin nan ba a hana mai makoki abu, ko tabarma ce ko tukunya, wanda ya hana kuwa sai jikokinsa sun ji gori. Na buɗe baki in faɗi wasiyyarka, na ga idanu a kaina, na ji tsoron a ce Sarkin Ciyawa ya bar magaji. Na shiga ɗaki na ɗauko. Ni na nuna masa ma yadda ake haɗa maganin.

Sun sare lallen, sun tumɓuke tafasar, suka fesa abin da ya rage. Washegari aka share gawar ƙudan zuma da tsintsiya, aka shimfiɗa darduma a wurin. A kanta liman ya zauna yana ba da labarin tausayinka ga halittun Allah, muna gyaɗa kai. Ban taɓa jin ƙyamar kaina kamar ranar ba.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya yalwata kabarinka, ya sa abin da ƙudan nan suka sha ya zame maka sadaka mai gudana. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Inna Luba, da 'yarka Juwairiyya, da Mamman, da Bashar. Allah ya ba su haƙuri.

Ranar addu'ar uku Bashar ya maido mini injin da kansa, a wanke tas. Ya riƙe hannuna ya ce a duk maƙwabta ba wanda ya yi wa mahaifinsa hidima kamata, Allah ya saka mini da irin abin da na yi. Jama'a suka ce amin. Ni kaɗai na kasa.