Bafil a Kan Kujerar Tsugunno

Shekarar da Inna ta baro Damagaram ta dawo wurina a Arlit, na sayi ƴar ƙaramar ordinatar, wato kwamfuta, wadda ba ta fi kwalin sukari ba, na jona ta da tele. Na zuba mata wa'azi, da waƙoƙin da, da bidiyon bikin ƙanwata wanda Inna ba ta gajiya da shi. Ni direban kar ne, babbar motar kamfani, ina kai ma'aikatan ma'adinai ina dawo da su. In na sauka bayan la'asar nakan tarar da ita a kan tabarma tana jira in kunna mata. Duk yinina ba abin da ya kai mini wannan zaman daɗi.

Sai maƙwabcina, wani Ba'adare ɗan Tahoua mai gyaran wuta a kamfani, ya ga na'urar tawa ya ce yana son irinta. Ni da ƙafata na kai shi shagon. Ba a yi wata ba, Inna ta fara yafa mayafinta bayan la'asar tana tsallakawa gidansa. In dawo in tarar da tabarma a naɗe. Ta kan katanga ina jiyo mai wa'azin nan dai da ke cikin tawa, ina jiyo dariyar uwata.

Kishi ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Mutumin da ni na nuna masa inda ake soka waya. Mu gaisa a masallaci ina washe baki na dole.

Na tafi kasuwa wurin wani Bakano mai kayan ordinatar. Ya baje mini su a kan tebur, ya fara turo mini bafil mai ƙara sauti, na ture shi. Ga faifan ajiya babba, ga memuwar da ke hana hoto sarƙewa, ga ƴar fanka saboda zafin garin nan.

"Alhaji, me ke damun na'urar?" in ji shi.

"Ba abin da ke damunta. So nake ta fi ta wani."

Ya yi dariya ya miƙo mini faifan. Na cika shi maƙil da fina-finai. Inna ta leƙa, ta ce Allah ya yi albarka, ta ɗauki mayafinta. Da wata ya ƙare na koma na sayi memuwar, hoto ya koma sumul. Bayan nan fanka. Matata ta ce wannan kwali ya fi mu duka cin albashina, na ce ta ji da tukunyarta. Tabarma dai tana nan a naɗe.

Wata Juma'a na kasa daurewa. Na shiga gidansa wai aron filaya, alhali so nake in ga abin da ya ƙara wa tasa. Wallahi tana nan yadda muka sayo ta. Telensa ma bai kai nawa ba, hoton har tsayawa yake. Amma wata doguwar waya ta bi gindin bango, ta ƙare a jikin wani tsohon bafil ɗaure da roba. An ɗora shi a kan kujerar tsugunno, daidai kunnen Inna na dama.

"Wannan fa?" na tambaye shi.

"Na Inna ne. Na lura in an yi mata magana ta hagu ba ta juyowa, ta dama ma sai an ɗaga murya. Ai ka sani."

"Na sani mana," na ce.

Ban sani ba. Watanni ina zama a hagunta ina ba ta labarin hanya, tana murmushi tana gyaɗa kai. Wani ɗan Tahoua ya gane a cikin sati biyu abin da ni ɗanta ban gane ba, kuma har yau in na tuna sai na ji haushinsa.

Na zagaya na durƙusa a damanta, na ɗaga murya. "Inna, gobe a gida za mu kalla. Zan sayo irin wannan."

Ta juyo ta dube ni sosai.

"Ashe kana magana," ta ce. "Tun da na zo nake ganin kana motsa baki kawai. Na zaci zamana ne ya ishe ka."